Sukurorin Layin Sama

Takardar tana zuwa ne sau ɗaya a shekara, cikin farar ambulan mai tambarin hukumar rajistar masu aikin lantarki, kuma ni ce mai buɗe ta. Maigidana ya shekara talatin da huɗu yana aikin wuta, ya san hanyar kowace waya a cikin bango, amma da ka ce masa ga fom, sai ya tuna ya manta wani abu a mota. Shi ya sa yake ce mini Sakatariya. Ni kuma Injiniya nake ce masa kamar yadda kowa ke kiransa, sai dai in ya ɓata mini rai, in koma "bawan Allah".

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. In sunanka na cikin rajistar, kai da kanka kake sa hannu a takardar shaida bayan ka gama wa mutum aiki, cewa wayoyin gidansa lafiya suke. Su kuma sau ɗaya a shekara sukan turo mutum ya zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan da ka yi, ya buɗe ya gwada kana tsaye. In ya gamsu, sunanka ya zauna. In bai gamsu ba, suna iya cire ka.

Bana ma ban tambayi kowa ba. Na jera ayyukansa na shekarar, guda goma sha ɗaya, na aika musu, suka ce mai dubawa zai zo ranar Talata, na ce Allah ya kai mu. Sai da muna shan shayin safe na gaya masa.

Ya ajiye kofi. Ya ce, "Ki kira su ki ce kar su wahalar da kansu. Na fita."

"Ka fita ina?"

"Daga rajistar. Ya isa haka nan."

Na ce, "To fa! Yaushe aka yanke wannan shawara ban sani ba?"

Sai ya fara jero mini dalilai kamar wanda ya kwana yana haddace su. Wai tun da yake, ba wanda ya taɓa tambayarsa katin rajista kafin ya ba shi aiki, fuskarsa ake kallo. Wai abokan aikinsa uku sun fita, ga su nan suna cin abincinsu lafiya lau. Wai dokokin kullum sai an ƙara sabo, mutum da furfurarsa a riƙa duba shi kamar ɗan makaranta. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ko ɗaya ba shi ne dalilin ba.

Dalilin na san shi, hannunsa ne na dama. Kusan shekara guda ke nan kafaɗar nan tana damunsa. Da hagu yake sauko da kaya daga saman kwaba, in zai sa riga sai ya fara zura hannun daman a hankali yana cije leɓe, yana zaton ba na gani. Mutumin da kuke ɗaki ɗaya shekara talatin! Tsoronsa kar a zo a buɗe aikinsa a sami kuskure, a cire sunansa da hannun wani. Gara ya fita da ƙafarsa. Ni kuma na san in ya fita ta wannan hanya, zai ƙare rayuwarsa yana ba da labarin wai shi ya bar su, alhali ni da shi mun san guduwa ya yi. Wannan ne ban yarda ya same shi ba.

Na ce, "Ni dai ba zan kira ba. Da bakina na ce su zo, ba zan koma in ce kar su zo ba, ni ba ƙaramar yarinya ba ce. In fita za ka yi, ka tsaya ya duba, sannan ka gaya masa ido da ido."

"Sakatariya, ba kya jin magana."

"Yau ka sani, bawan Allah?"

Ya sha mur, ya ƙarasa shayinsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Ya zo ɗin. Na ƙarshe ke nan." Na ce na ji.

Mai dubawan ba baƙo ba ne, shekara tara shi ake turowa. Wani gajeren mutum ne mai sanƙo, mai magana ƙasa-ƙasa, muna ce masa Mai Tocila saboda 'yar fitilar da yake ɗaurawa a goshi, wadda yakan manta da ita a kunne har ya shiga mota. Da ya iso ranar Talata ya duba jerin ayyukan, ya ɗora yatsa a kan na shida ya ce, "Wannan shagon ɗinkin fa?"

Na yi dariya na ce, "Ai ka zaɓi shagona."

Wata bakwai da suka wuce Injiniya ya sake mini wayoyin shagon gaba ɗaya. Kekunan ɗinki shida, dutsen guga biyu, fitilu a saman kowane tebur. Kafin nan, in aka kunna guga sai kekuna su riƙa gurnani. Tun da ya gyara ko ƙyaftawa wuta ba ta taɓa yi ba. Don haka hankalina kwance na sallami masu ɗinki na ce su je su huta awa biyu, na ture tarin yadi gefe, na ba maza wuri.

Mai Tocila ya fara da soket-soket, yana cusa na'urarsa yana rubuta lamba. Ya leƙa bayan teburan, ya bi wayar ƙasa har inda aka binne ta, ya danna maɓallin gwaji wuta ta ɗauke nan take. Duk inda ya taɓa sai ya gyaɗa kai. Injiniya na tsaye ya harɗe hannu, fuskar nan ta fara sakewa. Har ya kalle ni ta gefen ido, irin kallon "kin gani?".

Sannan aka kashe wuta daga waje, aka zo kan akwatin rarraba wuta, wanda ke can sama kusa da silin, a bayan ƙofa. Mai Tocila ya hau tsani ya cire murfin, ya yi ɗan tsai yana kallo.

"Kai, Injiniya," ya ce, "har yanzu kana nan da jan farcenka."

Wannan al'adarsa ce tun yana saurayi. Duk sukurun da ya ɗaure waya da shi, in ya gama, sai ya ɗiga masa jan farce, ya ja ɗan layi daga kan sukurun zuwa jikin abin da ke riƙe da shi. Da haka yake sanin wanda ya ɗaure da wanda bai kai gare shi ba, kuma in wani ya taɓa masa aiki layin zai karye. Kwalaben jan farcena nawa suka ɓace a gidan nan kafin in gano ɓarawon! A cikin akwatin kuwa ga su nan reras, layi biyu, goma sha biyu a ƙasa, goma sha biyu a sama, kowanne da jan ɗigonsa.

Mai Tocila ya ciro wani sukundireba daga jaka, mai kaurin mariƙi, da lambobi a jikinsa. Ya ce bana aka ce su fara amfani da shi. Kana saita shi a kan ƙarfin da ya kamata sukuru ya ɗauru, in ya kai sai ya yi ƙara ya daina juyawa.

Injiniya ya taɓe baki. "Hannuna ne ma'aunina."

"Haka ne," in ji Mai Tocila, ya ɗora a kan na farko a layin ƙasa.

Ƙas. Bai motsa ba. Na biyu, ƙas. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu, ko ɗaya bai gusa ba. Wallahi sai na ji kaina ya yi girma, kamar ni na ɗaure su.

Ya koma layin sama. Na farko, ƙas. Na biyu sai ya juya. Kaɗan ne, amma jan layin ya rabu biyu, kuma daga inda nake tsaye na gani. Na uku ya juya fiye da haka. Na huɗu ya tsaya. Na biyar ya yi kusan rabin zagaye kafin ƙarar ta fito. Ban kalli Injiniya ba, ba zan iya ba, sai na kafa ido a kan wani zare da ya faɗi a ƙasa. Da aka kai ƙarshen layin, bakwai ne suka juya.

Mai Tocila ya sauko, ya goge hannu, bai ɗauki biro ba tukuna.

"Ranar da ka ɗaure su, a kan me ka tsaya?"

Injiniya ya nuna wata kujerar katako da haɓa.

"Wato na ƙasan suna daidai ƙirjinka, na saman kuma sai ka ɗaga hannu sama da kafaɗa."

Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, amma na danne, don wannan ba amsata ba ce. Can Injiniya ya ce, a hankali, "Kafaɗar tana ciwo. Ta daɗe."

"To shi ne," in ji Mai Tocila. "Ba ganganci ba ne. In hannu ya gaji sai ya ce maka ya ɗauru, kai kuma ka yarda da shi, tun da bai taɓa yi maka ƙarya ba. Sukuru mai sako-sako kuwa ka fi ni sanin abin da yake yi, zafi yake tarawa a hankali." Ya buɗe takardarsa. "Ba zan cire sunanka ba. Ka nemi irin wannan sukundireban, ka koma sauran ayyuka goman nan ka bi su duka. Bayan sati shida zan dawo in zaɓi wani in duba."

Injiniya ya gyara tsayuwa. Na san abin da ke tafe.

"Dama ina so in gaya maka, na fita daga rajistar."

Mai Tocila bai nuna mamaki ba. Ya mayar da murfin biro ya ce, "Kana da iko, Injiniya, ba kai ne na farko ba. In ka fita, sauran goman ba ruwana da su, ba ni da hurumin tura ka ko'ina. Sai su zauna yadda suke." Ya rataya jaka, ya yi mini godiyar shayi, ya fita da fitilarsa a kunne.

Ranar nan mutumin nawa bai yi magana ba sai dai "to" da "a'a". Ni ma na kama bakina, abin da ba kasafai nake yi ba. Tausayinsa ya cika ni, har na fara zargin kaina ko na yi masa mugunta da na hana shi guduwa.

Washegari ya fita da sassafe. Wajen ƙarfe goma sai ga shi a ƙofar shago, da dogon tsani ɗaure a saman mota da sabon sukundireba a aljihun gaba.

"Ɗauko takardarki," ya ce. "Ke za ki riƙe tsani."

"Ina za mu?"

"Ba don su zan yi ba, ki sani. Na riga na fita. Aikina ne kawai ba zan bari haka ba."

Na ce, "Ni na ce don su ne?" Na bar wa abokiyar aikina shago na shiga mota.

Ka ga sati biyun nan, na daɗe ban ji daɗin kwanaki kamarsu ba. Rabon da mu zauna a mota mu biyu muna yawo gari, tun kafin a haifi yara. Kullum gida ɗaya, wani lokaci biyu. Zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Ni ne mai wuta, na zo in sake duba aikina." A ranar farko maganar tana fita da ƙyar kamar ana zare masa haƙori. Zuwa rana ta huɗu har da murmushi yake faɗa.

Mutane kuwa sai mamaki. Wata tsohuwa ta tsare ƙofa ta ce ita ba ta kira kowa ba, wutarta lafiya lau. Da ta fahimci abin da ya kawo mu, ta yi ta sa masa albarka har muka rasa hanyar tafiya, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ma'aikacin da ya dawo ba a kira shi ba. Wani mai aski ya hana mu fita sai da ya gyara wa Injiniya gashin baki. A wani kanti kuma maigidan ya tsaya a kanmu yana tambaya ko akwai matsala ne, Injiniya ya ce masa, "Akwai, a kafaɗata, ita na zo dubawa a akwatinka."

Abin da Mai Tocila ya faɗa haka ya kasance. Duk akwatin da ke ƙasa-ƙasa, ƙas, ƙas, ba abin da ke motsi. Wanda ke sama kuwa ba a rasa biyu ko uku. Yanzu sai ya hau tsani har akwatin ya zo daidai ƙirjinsa, yana ɗaurewa yana kiran lamba, ni ina ƙasa, hannu ɗaya a tsani, ɗaya da biro. Ban san lokacin da ya fara son ƙarar nan ba. Na kama shi a gida yana gwada sukundireban a kan marfin tukunya.

Na ce, "Ba kai ne mai hannu ma'auni ba?"

Ya ce, "Sakatariya, ki bar tone-tone."

Gida na goma shi ne na Auta, 'yarmu ta ƙarshe. Da gangan ya bar shi a ƙarshe. Ya ce wannan kam zuwa ne kawai don a cika lissafi, don kwana uku ya yi a kansa lokacin da za su tare, kuma sau biyu ya bi kowane sukuru kafin ya ɗiga masa ja. Muka isa da hantsi, mijinta ya tafi aiki, 'yan biyunta suka rugo suka rirriƙe ƙafar kakansu suna laluben aljihunsa. Auta ta ce, "Baba, da kun faɗa za ku zo ai da na shirya muku wani abu." Ya ce minti goma ne kawai.

Akwatin yana saman ƙofar ɗakin yaran, a cikin ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna. Ya kashe wuta, ya hau tsani yana yi wa jikokin wasa, ya kwance murfin.

Warin ne ya fara iso ni, kamar an bar roba a kusa da murhu. Na ɗaga kai. Ya kafa wa akwatin ido.

Wayar da ke zuwa injin dafa ruwan wanka ce, ta uku a layin sama. Robar da ke jikinta, wadda ya kamata ta zama ja, ta koma baƙa-baƙa kusan tsawon yatsa. Da ya taɓa ta sai ta marmashe ta zubo a kan hannuna. Jan ɗigonsa na nan a kan sukurun, cif, layin bai karye ba. Ya ɗora sukundireba, sukurun ya yi zagaye guda cur kafin ya yi ƙara.

Ta ƙofar da ke ƙarƙashin tsanin ina hango gadajen yaran guda biyu, da bargunansu a tattare. Na ƙanƙame tsanin da hannu biyu, takardar ta faɗi ban ɗauka ba.

Shi kuwa aiki ya kama. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya fere sabon baki, ya canza abin da wayar ke shiga ciki don shi ma zafi ya taɓa shi, ya ɗaure, ƙas. Sannan ya bi sauran ashirin da ukun, a hankali, kamar bai taɓa ganinsu ba. Minti goman nan sai da ya zama awa ɗaya da rabi.

Da ya sauko, Auta na tsaye da tiren shayi. Ta ce, "Baba, an sami wani abu ne?"

Na buɗe baki zan ce ba komai. Ya riga ni. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata guntun wayar da ta ƙone.

"An samu, Auta. Aikina ne, ni na bar shi sako-sako. Na gyara."

Ta kalli wayar, ta kalle shi. Ba ta san girman abin ba, ko kuwa ta sani ta ɓoye, don 'yata ce. Ta ce, "To sannu, Baba. Ku sha shayin kar ya huce." Ya zauna a ƙasa ya sha, 'yan biyun suna hawa bayansa suna ja masa kunne, ya ƙyale su har suka gaji.

Da muka shiga mota bai tayar ba. Ya ɗora hannun daman a kan sitiyari yana kallonsa.

"Sau biyu na bi shi," ya ce. "Sau biyu hannun nan ya ce mini ya ɗauru."

Ya juya hannun, ya ci gaba.

"Baɗi zai ƙara tsufa. In ba shi ba, ido ne, ko wani abin da ban ma san da shi ba. Kuma hannu da ido ba za su gaya mini ba." Ya juyo ya kalle ni. "Ki kira Mai Tocila ki ce ina nan, ban fita ba. Ya zo bana, ya zo baɗi, ya yi ta zuwa. Ranar da ya buɗe akwatina ya ce in ajiye aikin nan, zan yi gardama, na san halina. Kar ki bar ni in ci."

Na so in tsokane shi, in ce yaushe na taɓa barinsa ya ci gardama, amma na fasa. Na dafa kafaɗar nan mai ciwo na ce, "Ba zan bari ba."

Ya gyaɗa kai, ya tayar da mota. Yaran na bakin ƙofa suna ɗaga mana hannu, shi ma ya ɗaga musu, da hagu.